Motar Malam Habibu a Gindin Bango

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka Abuja lafiya, kin kuma tarar da Gwaggonki Hadiza da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya tsare ki a bakin aiki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, amin.

Wannan takarda za ki same ta a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin yaji da kukar da mahaifiyarki ta cusa miki kamar an ce mata babu kasuwa a Abuja. Na san za ki yi dariya ki ce Baba da waya a aljihu amma ya zauna rubuta wasiƙa. Yi dariyarki. A waya ba na iya yi miki doguwar magana. Sunan mahaifiyata gare ki, da na ji muryarki sai in kama "to Uwata, madalla Uwata," har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Takarda kuwa ba ta da ido, sai in amayar da abin da ke raina.

Kamfanin da ya ɗauke ki ya ba ki shugabancin masu wanke gine-gine, sana'ar da na ciyar da ku da ita tun kafin ki iya tafiya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na yi ta faɗa a majalisa har abokaina sun gaji da ni. Ba ni da shakka a kan iliminki. Ke kin karanta sinadarai a makaranta, kin san sunan kowanne da abin da ke cikinsa. Ni da hanci da ƙunar hannu na koya, kuma har gobe duk abin da ke cikin jarka magani nake ce masa. Bango ba zai gagare ki ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne motocin mutane da za ki riƙa tararwa a gindin bangon, da masu motocin, da kuma wata kunya da kika gada a wurina. In ba ki san yadda za ki yi da kunyar nan ba, ita za ta ɓata miki suna a sana'ar, ba rashin sani ba. Bari in ba ki kurakuraina yadda suka faru, ki ɗauki abin ɗauka.

Kin san da wankin mota na fara, a bakin titi can wajen Bata, da bokiti da soso. Shekaru ina shafa fentin motoci har na san shi kamar tafin hannuna. Da muka haɗa ƙarfi ni da abokina Ɗanlami muka sayi injin feshi na hannu, sai na ɗauka wankin gini wankin mota ne da ya yi girma. Aikinmu na farko wani bene ne mai hawa uku a Sabon Gari, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Damina ta wuce ta bar bangon baƙi ƙirin da gansakuka. Muka zo da sassafe, muka sa aka janye motocin da ke gindin ginin, na dubi wurin fayau na ce shi ke nan, an gama da batun mota. Na dama bilic da sabulu, na hau can sama, na buɗe injin iya ƙarfinsa don mutanen layin su san ƙwararru sun iso.

Abin da ban sani ba, ruwan da ya daki bango da ƙarfi ba duka yake gangarowa ba. Wani yana tarwatsewa ya yi laushi ya tashi sama, ido ba ya ganinsa sai in rana ta haska shi ta gefe. Mu a sana'a raɓa muke ce masa, kuma raɓar nan ba ta san iyakar filin mai gida ba. A ƙasa iska shiru, amma a hawa na uku tana kaɗawa. Ta kwashi raɓar ta tsallake titi da ita, ta sauke a kan wata baƙar mota da ke ƙofar shagon wata 'yar kasuwa mai sayar da kayan gini, wadda kowa a layin yake ce wa Madam.

Ina can sama sai na ji ihun da ya fi ƙarar injin. "Kai mai ruwa! Kai nake magana! Sauko ka gani! Wannan ruwa naka yana wari kamar asibiti, yana sauka kan mota na!" Na sauko da shirin musu, don a ganina tsakanina da motar akwai titi guda. Ta kama hannuna ta ɗora a kan rufin motar. Na ji santsin sabulu, na shinshina, bilic ne. Ta ce, "Ba dogon magana. Kawo ruwa mai kyau yanzu-yanzu kafin rana ya busar." Muka juyo da tiyo muka yi ta kwarara wa motar ruwa tun daga rufi har taya, ita tana tsaye ta riƙe ƙugu tana nuna mana inda muka tsallake. Allah Ya taimaka maganin bai bushe ba, motar ta fita lafiya. Ranar na koma gida ina jin haushin matar, ina cewa ta tara mini jama'a. Sai da na daɗe a sana'ar na gane da wuya a sami wanda ya yi mini alheri irin nata a bakin aiki.

Don haka, Uwata, kada ki auna nisa da idonki kina tsaye a ƙasa. Ki sa a ɗaura ƙyalle a kan sanda a kafa shi a saman ginin, inda mai feshi zai tsaya, ki riƙa ɗaga kai kina dubansa. Inda ƙyallen ya nuna can raɓa za ta, kuma duk hawan da aka ƙara tana ƙara nisa. In kika ga ya miƙe sosai, a kashe injin a sha shayi har iska ta lafa. Magani kuma ba da ƙarfi ake sa shi ba. A rage injin, a matso kusa da bango, a shafa shi a hankali, in wurin ya matse ma a sa da burushi. Ƙarfi na ɗauraya ne, shi ma sai bayan an fara sauke maganin sannu-sannu. Sannan ki ware mutum guda a ƙasa da tiyon ruwa zalla, ba shi da wani aiki sai jiƙa duk motar da ke kusa kafin a fara, da ɗauraye ta lokaci-lokaci. Ma'aikatanki za su ce asarar hannu ɗaya ce. Ki gaya musu ɗigon magani in ya faɗa a jiƙaƙƙen fenti ruwa ne ke cinye shi, in ya faɗa a busasshe mai zafi kuwa shi ke cin fentin.

Kuskurena na biyu na wayo ne. Bayan abin da ya faru da Madam sai na ce na gano dabara, na sayo baƙar leda mai faɗi. A wani gida a Rijiyar Lemo muka tarar da mota a tsakar gida, mai ita ya yi tafiya da makullin. Na lulluɓe ta da ledar, na danne gefe da duwatsu, na yi aikina hankali kwance tun hantsi har la'asar. Da muka gama sai na kama bakin ledar ni kaɗai na fizge. Duk maganin da ya taru a lungunan ledar ya kwarare a kan motar da na wuni ina karewa. Ban da wannan, iska ta wuni tana kaɗa ledar a kan ƙurar da ke jikin motar, ta goge ta kamar da yashi, zafin rana kuma ya dafa danshin da ke ƙasa ya bar tabo fari-fari a bonet. Kwana biyu na yi ina fama da motar nan da man gogewa kafin mai ita ya dawo. Da ya dawo na faɗa masa gaskiya, don ko ban faɗa ba matarsa ta ga komai ta taga.

Rufa mota yana da ƙa'ida. A fara ɗauraye ta ƙura ta fita, a bari ta tsane, a shimfiɗa tsohon zanin gado mai laushi, sannan tamfol a kai, a ɗaure da igiya ta ƙasa yadda iska ba za ta yi wasa da shi ba. Kada a bar shi wuni guda a rana, da an wuce wannan ɓangaren bangon a cire. Kafin a cire a wanke tamfol ɗin yana kan motar, sannan mutum biyu su naɗe shi, jiƙaƙƙen gefen yana ciki. Ki riƙa duba ƙasa ma, don ruwan da ya gangaro daga bango yakan bi ta ƙarƙashin mota ya kwanta a gindin taya ya ci ƙarfen wili. Buhun yashi biyu sun isa su juya shi zuwa kwata. Amma duk wannan na motar da babu yadda za a yi da ita ne. Wadda za a iya tayarwa, a nemo mai ita ya matsar, ko da neman nasa zai ci muku rabin awa.

Na uku shi ne rashin sanin ranar layi. Wani mai masaukin baƙi a Sabon Gari ya ba mu aiki, na ce masa Lahadi za mu zo, shaguna a rufe, titi zai zama namu. Ɗanlami ya ce, "Modu, ka tabbata?" Na ce masa a garin nan aka haife ni. Muka kafa tsani, muka dama magani, muka fara. Ba mu yi nisa ba sai ga motoci suna shigowa layin ɗaya bayan ɗaya, mutane cikin ado, mata da manyan ɗaurin kai. Ashe bayan ginin coci ne, kuma nan suke ajiye motoci duk Lahadi. Kafin mu ankara layin ya cika maƙil. Muka kashe injin. Maganin da muka riga muka shafa a bango dole muka sauke shi da bokiti da soso don kada ya bushe, sannan muka zauna a kan jarkoki muna sauraron waƙe-waƙensu har bayan azahar. Ɗanlami bai yi mini faɗa ba, sai dai duk bayan ɗan lokaci ya dube ni ya ce, "A garin nan aka haife ka." Ni ɗan Fagge na san ba mai hankalin da zai buɗe injin kusa da masallaci ranar Juma'a, amma ban kawo wa raina maƙwabtanmu su ma suna da tasu ranar ba.

Kowane layi da ranarsa da sa'arsa. Kafin aiki ki je da ƙafarki, ki gaisa da mai gadi, ki gaisa da mai shayi ko mai kanti, su suka san wa ke ajiye mota a ina da kuma ƙarfe nawa. Ki manna sanarwa tun ana saura kwana biyu, amma kada ki dogara da ita, mutanenmu sukan jingina da takarda ba su karanta ta ba. Ki bi ƙofa-ƙofa. Ranar aiki ki riga kowa zuwa ki ja igiya, don hana mota shiga ya fi fitar da ita sauƙi. Wadda ta rage a kusa, ki zagaye ta da wayarki ki ɗauki hoto kafin a buɗe jarka, saboda wani tabon ya girmi aikinki kuma ke za a nuna.

Waɗannan duka rashin sani ne, kuma rashin sani yana warkewa. Na huɗun da sanina na yi shi, shi ya sa har yau yake damuna.

Marigayi Malam Habibu, Allah Ya jiƙansa, ke kin san shi ne a matsayin tsohon nan mai farin gemu da kuke gaisarwa a layin masallaci. Ni kuwa malamina ne tun firamare, shi ya koya mini rubutun da kike karantawa yanzu. Da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini. Da na fara sana'ar nan, duk inda ya zauna sai ya ce, "Akwai yaron wajena Modu, in ya wanke muku gini sai kun ɗauka sabo ne." Yawancin ayyukan da na samu a Fagge daga bakinsa suka fito. Yana da wata koriyar mota, ita ce ta farko ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa, ya saye ta bayan ya bar koyarwa. Da kansa yake goge ta kowace safiya da wani tsumma mai laushi da ya ware mata, ko 'ya'yansa ba ya bari su taya shi.

Shi ya samo mini aikin wani bene a nan Fagge, na surukinsa ne. Gaban ginin an yi masa ado da jan bulo, siminti da ruwan sama sun bi sun yi masa fari, irin dattin da bilic ba ya fitarwa sai asid. Na yi duk abin da na faɗa miki a sama. Na ja igiya, na kafa ƙyalle, layin fayau. Ɗanlami yana sama ya shafa maganin a rabin bango, saura ɗauraya, sai ga koriyar mota. Mai gadin gidan ya ga Malam ne, ya sauke igiyar da hannunsa. Malam ya shigo ya tsaya daidai gindin bangon, inda 'yar inuwa take, ya fito yana murmushi. Ya zo ne ya ga aikin ɗalibinsa, ya kuma gaisa da surukinsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Malam, da za a ɗan matsar da motar gaba kaɗan, saboda ruwa." Ki lura da abin da na ce, ruwa. Ban ce asid ba, ban ce zai ci fenti ba, don kada ya zama kamar ina koya wa malamina karatu. Ya ce, "Haba Modu, ba komai. Ruwa ai wanka ne. Yanzu zan fito." Ya dafa kafaɗata ya shige gida.

Na tsaya da tiyo a hannu. Tamfol yana nan a gefe, amma na ga in na lulluɓe motar a gaban jama'a kamar na ƙaryata shi ne, ya ce ba komai ni na ce da komai. In bi shi ciki in karɓo makulli kuwa, na ga rashin ɗa'a ne a tayar da babba daga zama a gidan surukai. Ɗanlami ya leƙo daga sama ya ce, "Modu, maganin yana bushewa a bulo. In ɗauraye ko in bari?" Na dubi ƙofar gidan, na ce a raina ai yanzu zai fito. Na ce, "Ɗauraye, amma a hankali." Na watsa wa motar ruwa sau ɗaya don in kwantar wa kaina hankali, sannan aiki ya ja ni bayan ginin.

Yanzun Malam ta haɗa da cin abinci da sallar azahar da hira. Inuwar ta janye, rana ta sauka a kan motar. Da na zagayo na hango ta, tun daga nesa na san aikin gama ya gama. Rufin da bonet sun yi ɗigo-ɗigo fari kamar an yayyafa musu toka, gilashin gaba ya yi dusu-dusu. Na kwarara ruwa, na sa sabulu, na goga har hannuna ya yi ja. Amma ni da na yi shekaru ina wankin mota na san wannan ba a saman fenti yake ba, ya riga ya shiga ciki.

Malam ya fito. Ya tsaya ya dubi motar, ya sa hannun rigarsa ya goga wuri ɗaya, ya sake gogawa. Na ce zan kai ta a sake fenti a sauya gilashi. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ba komai, Modu." Ya shiga ya tayar, ya tafi yana leƙen hanya ta gefen gilashin da bai dushe ba.

Uwata, magana ɗaya ce ya faɗa sau biyu, amma ta biyun ta fi ihun Madam ciwo nesa ba kusa ba. Sau uku ina zuwa gidansa da maganar gyara yana cewa in bar ta. Gilashin kawai ya sauya, shi ma da kansa, fentin kuwa haka ya bar shi. Shekaru motar nan tana yawo a Fagge da aikin hannuna a rufinta, in na hango ta a titi sai in shige kwana. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai daina amsa gaisuwata ba, ya zo sunan ƙannenki duka. Amma daga ranar bai sake ce wa kowa "akwai yaron wajena" ba. Da aka tashi wanke makarantar Islamiyyar unguwa, shi ne shugaban kwamiti, wasu aka kira daga wani wuri. Na ga injinsu a ƙofar makarantar, na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka, ina magidanci da iyali.

Sai da aka daɗe, wata rana bayan la'asar na same shi shi kaɗai a soro, na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, har yanzu ba ka yafe mini batun motar nan ba?"

Ya ce, "Tun a wurin na yafe. Mota ai ƙarfe ce." Sannan ya ce, "Amma Modu, ni malamin makaranta ne, ban san abin da ke cikin jarkarka ba. Kai ka sani. Ni na ce ba komai da rashin sani, kai ka yi shiru da sani. To in na tura ka gidan wani, shi ma ya ce maka ba komai fa?"

Na ce, "Malam, kunyarka na ji."

Ya ce, "Kunyata ka ji, ko kunyar a gan ka kana ja da ni?"

Ga abin da nake so ki riƙe. A wurinmu "ba komai" ba izini ba ne. Ladabi ne, mutum yana nufin kada ki wahalar da kanki saboda shi. Wanda ya faɗa bai duba iska ba, bai shinshina jarka ba. Kuma masu faɗa miki ita su ne waɗanda za ki fi jin nauyinsu, Alhaji sa'an mahaifinki, ko Hajiyar da ta kira ki 'yata, ko shugaban ofishin da ya ba kamfaninku aikin. Ga ki mace, ga ƙuruciya, ga maza a bayanki sun zuba ido su ga ko za ki iya. Na san ki, ko ruwa kika kai wa baƙo ba kya ɗaga ido. Tarbiyya ce mai kyau, kada ki yar da ita. Ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki rusuna, sannan ki kira abin da sunansa. Ki ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ruwa ba ne, asid ne. In ya sauka a motar nan ya bushe ba ya fita. Ba zan iya sa a fara ba tana nan." In ya ce ba komai, ki ce, "Na gode Alhaji, amma a wurina da komai." In ya ce yanzu zai fito, ki ce to za ku jira shi. Kada ki ɗaga murya, kada kuma ki bari a kunna injin. In kuwa an riga an shafa magani a bango, a rufe motar ko mai ita ya so ko bai so ba, a sauke maganin da bokiti da soso.

Tun daga zaman soron nan haka nake yi, kuma ki tambayi duk wanda ya san ni a Fagge da Sabon Gari, ban sake taɓa fentin kowa ba. An harare ni, an ce na cika iyayi. Wani ma ya ce in ba zan yi ba in kwashe kayana, na fara naɗe tiyo, sai ga shi ya fito da makulli yana ƙunƙuni. Yawancinsu kuwa da sun ji sunan abin da ke jarkar sukan matsar da motar da sauri har su yi godiya. Babu wanda ya riƙe ni a rai don na tsare masa dukiya. Mutum ɗaya na rasa amincewarsa, shi ne wanda na ji kunyarsa, kuma ya koma ga Allah ban dawo da ita ba.

Ke za ki iya, ba na ko tantama. Kin fi ni ilimi, kuma in kin ga dama kin fi ni taurin kai, mahaifiyarki shaida ce. In Allah Ya kai ni Abuja wata rana na zo ganin aikinki, na sa direban da ya kawo ni ya tsaya a inuwar bangonki, na dafa kanki na ce, "Ba komai Uwata, yanzu zan fito," to ki tsaya a gabana, a gaban ma'aikatanki, ki ce, "Baba, a matsar da ita." In kika yi shiru don ni ne, a banza na rubuta wannan takarda. In kika faɗa kuwa, wallahi ranar zan san na haihu.

Allah Ya kiyaye ki daga tsautsayi, ke da duk wanda zai hau tsani a ƙarƙashin umarninki. Allah Ya tsare hannunki daga ɓata dukiyar mutane, Ya ba ki baki a inda shiru zai cutar. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Modu.